Farantin da Ba Shi da Huji

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto Renske Bouma bakin sabuwar tashar jiragen ruwa da ake ginawa a Harlingen. Wani dogon farantin ƙarfe, irin wanda ake kafawa a gaɓa don tare teku, ya suɓuce daga muƙamuƙin gudumar girgiza, injin da ke damƙe shi yana danna shi cikin ƙasa, ya faɗo kan wani ma'aikaci, Sjoerd Postma, sannan ya nutse a laka. Ko shurawa bai yi ba.

Heluman aikin, Auke Hiemstra, abokin mahaifinta ne tun ƙuruciya. Shi ya yi mata bayani: kowane faranti ana huda kansa da wutar walda a zura sarƙa, ko guduma ta saki, sarƙa ta riƙe. Zura sarƙar kuwa aikin Tadeusz ne, wani baƙo ɗan Poland.

"Sakaci ne kawai, 'yata. Kin san halin baƙin nan."

Ta kuwa yarda, abin kunya! Tadeusz na ta faɗin babu inda zai zura sarƙar, ta ɗauka kame-kame ne, ta jefa shi bayan kanta da zargin kisa ta hanyar ganganci.

Sai a kwana na huɗu, da masu gwaji suka ɗaga farantin daga laka, ta duƙa ta shafa kansa. Sumul yake. Ba huji, ba alamar wuta. Ta zagaya tarin da ke jiran kafawa, ashe duk haka suke.

Mai waldar da ke huda farantan ya fara da rantsuwar bai san komai ba. Da ta sa shi gaba ya nuna mata huji ko ɗaya, sai ido ya raina fata. Ya ce heluma ne ya hana shi, wai huda na cin minti goma, ruwa kuma ba ya jira. In teku ta janye, kwale-kwalen da ke ɗauke da injin sai ya zauna a laka.

Ta iske Auke a rumfa yana shan kofi.

"Baba Auke, ina hujin?"

Ya daɗe yana juya kofin. "Shekara talatin guduma ba ta taɓa saki a hannuna ba."

"Shi ya sa ka ɗora wa baƙo?"

"Na ga shi zai koma ƙasarsu. Ni kuwa kullum sai na haɗu da matar Sjoerd a kasuwa."

Bai ɗago kai ba har aka sa shi a mota.

Ita da kanta ta buɗe wa Tadeusz ƙofa, kunya kamar ta nutse. Ta soma ba shi haƙuri, ya katse ta. Shekara shida suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Sjoerd, abu ɗaya yake son ji.

"Yaushe za a binne shi?"

Ta dubi ƙasa. "Jiya aka binne shi."