Taku Goma Sha Biyu

Dutsen iyaka ɗaya ya rage wa mai safiyo ta sa a taswira, rana kuwa ta yi ja. Direbanta ya leƙo daga mota.

"Hajiya, almuru fa. Filin nan ba guduwa zai yi ba."

"Kai dai ji rediyonka."

Ba taurin kai ba ne. Tun da ta fita takaba ba ta jin komai, ko yunwa ko tsoro. 'Yarta kaɗai ke mayar da ita gida.

Masu aikin nan suna da ƙa'ida: ba a duba kamfas, na'urar nuna arewa, da ƙarfe a jiki, yana jan allurar. Ta ajiye makullai da agogon marigayi a kan kututture, ta ƙirga taku goma. Uwarta ta sha gaya mata ƙarfe ne mutanen ɓoye suke shakka. Makaranta ba ta koyar da wannan.

Allura ta tsaya a arewa. Sai ta motsa.

Gyare suka yi tsit. Allurar tana juyawa sannu, tana bin wani abu mai zagaya ta. Busasshiyar ciyawa tana karyewa, ƙas, ƙas. Ƙamshin sabulun askin marigayin ya iso, gauraye da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Allura ta tsaya, tana nuna gabanta. Ba kowa. Ciyawa ce kawai ta kwanta a wuri biyu.

"Maman yarinya," cikin raɗa. Muryar mijinta ce. "Kin bar ni ina jira. Biyo allurar."

Ta yi taku ɗaya. Ta yi na biyu. Ko gabanta bai faɗi ba.

Sanyi ya taɓa wuyan hannunta, inda 'yarta ke kara kunne kullum ta saurari agogon. Yau wa yarinyar za ta jira a ƙofa?

Taku goma da biyu ke tsakaninta da agogon. Ta ja da baya, ba ta juya ba.

Ciyawa tana biye.

Tara. Goma. Numfashi a goshinta.

Sha biyu. Hannunta ya sauka kan agogon.

Gyare suka ci gaba.

Taswirar ta tafi ofis da kusurwa ɗaya a buɗe, mai safiyon ta ce duk mai so ya je ya rufe. Agogon kuwa ko wanka da shi take yi.

Bayan sati, tana yi wa 'yar kitso, yarinyar ta ɗago kai.

"Umma, Abba ya ce ki cire min ɗankunnen nan, wai yana hana shi matsowa."