Yatsa Uku a Cikin Ɗinki

Rigar tana tsaye a bayan gilashi, sanye a jikin mutum-mutumi, tun kafin mai ita ta gama ɗinka tata. Auta ce ta fara ganinta ranar Asabar da hantsi. Doguwar riga ce mai tattara a kafaɗa ɗaya, wadda yayarta ta yi wata biyu tana zanawa tana yagewa. Ga ta nan a shagon Mai Gilashi, tsallaken titi, har mata uku sun tsaya suna nuna ta.

Karo na uku ke nan a shekarar.

Yaya ba ta yi kuka ba da aka gaya mata. Ta tsayar da keken ɗinki, ta dubi teburin yanka.

"Dogo ne," in ji ta. "Shi kaɗai ke taɓa takardun yankana. Litinin zan sallame shi, kuma duk telan da ke layin nan sai ya ji dalili."

Dogo shi ne mai yankan shagon, shekara goma sha ɗaya yana riƙe da almakashinsa, ga 'ya'ya huɗu. Auta ta san abin da maganar ke nufi. Mai yankan da aka kira ɓarawon salo, ba tela ɗaya da zai sake miƙa masa yadi.

"Kin gan shi da idonki?"

"Sai na gani? To wa kike so in zarga, aljanu?"

"Ki ba ni zuwa Litinin ɗin."

Auta malamar lissafi ce, ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa daidai. Amma abu ɗaya yana tafasa mata jini, wato yadda kowa a layin yake ɗage kafaɗa ya ce ai haka sana'ar take. Mutum ya ƙona idonsa wata biyu, wani ya kwashe cikin kwana biyu, sannan a ce wa mai abin ya yi haƙuri, kamar ruwan sama ne ya sauka. Ta tsallaka titi ba ta ko duba hagu ba.

Mai Gilashi ya tarbe ta da fara'a. A shagon Baba, mahaifinsu Auta, ya koyi ɗinki, tun Auta tana rarrafe.

"Autar Baba! Yau ke ce a shagonmu?"

"Waccan rigar nake so. Wa ya zana ta?"

"Ɗinki ai ba na kowa ba ne, ƙanwata. Akwai wanda ya ƙirƙiro hannun riga?"

"Tambayarka na yi."

Ya yi dariya, ya soma linke rigar. "Bari in gaya miki abin da ba ku koyarwa a makaranta. Mai zane yana yin goma, tara su mutu a kanta. Ni kuwa sai in jira in ga wadda ta rayu. Mai saye ba ta tambayar wa ya zana, ko ta yi mata kyau take tambaya. Ki kai ni ƙara in kina so, a can ma cewa za a yi riga riga ce."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, tare da ku. Ki gaishe da Baba."

Auta ta biya kuɗin rigar ta fito. A bayan shagon Yaya, ta juya ta ciki waje, ta sa reza ta farke ɗinkin gefe, ta shimfiɗa gutsattsarin a kan tebur. Sannan ta kira mai guga.

"Iya, rigar nan ta Yaya ta taɓa zuwa teburinki?"

"Wace riga? Wadda har yanzu hannunta yana gabas jikinta yana yamma? 'Yar nan, ni gamammen kaya nake gogewa. In kuma ni kike zargi, faɗa mini in ajiye muku dutsen gugarku."

Gaskiyarta ce. Ba a haɗa rigar ba, balle a ɗauki hotonta. Wanda ya kwaikwaye ta, a takarda ya gan ta.

Dogo ya zo yana goge alli a jikin wandonsa. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Na ji abin da ake cewa, Malama. Wallahi ko gaisuwa ba ta haɗa ni da mutumin can."

"Ɗauko takardar yankan."

Ya ɗauko. Auta ta ɗora ta a kan gaban rigar da ta farke. Kafaɗa ta zauna daidai, ƙugu ya zauna daidai. Wuya ne ya ƙi. Na takarda mai kusurwa ne, na rigar kuwa zagayayye.

"Yaushe aka ba ka wannan takarda?"

"Talatar da ta wuce waccan. Haka na same ta, da wuyan nan."

Auta ta leƙa ta kira yayarta. "Kin taɓa zana ta da zagayayyen wuya?"

Yaya ta dubi rigar. "Zanen farko. Amma wannan ai a gida na yi shi, bai taɓa zuwa shago ba."

Dogo bai ji ba. Hankalinsa yana kan bakin yadin da aka farke, yana auna shi da yatsunsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Dubi rarar da aka bari a ciki. Yatsa uku cur. Mai Gilashi da ko ƙyalle ba ya bari ya faɗi ƙasa? Yanzu ai yatsa ɗaya ake bari. Rabon da in ga irin wannan tun..." Sai ya haɗiye sauran.

Auta ta tattara rigar ta cusa a jaka.

Ranar Lahadi bayan la'asar ta sami Baba a tsakar gida, kan kujerarsa, yana kallon ƙofa kamar mai jiran baƙo. Shagon Yaya nasa ne da can. Shekara biyu ke nan da hannunsa ya yi rawa ya ɓata wa wata mata yadi mai tsada, Yaya ta ce, Baba ka huta haka nan. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Tun daga ranar bai sake taka shagon ba, kuma ba wanda ya tambaye shi inda yake zuwa kullum da hantsi.

Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta shimfiɗa masa yadin a cinya. Hannunsa ya bi bakin yankan da kansa.

"Baba, Iya ba ta ga rigar ba. Dogo sabon wuya ya sani, wannan kuwa tsohon ne, wanda Yaya ta zana a ɗakin can ta bari a kan tebur. Kuma mutum ɗaya na sani a duniya da ke barin yatsa uku."

Baba ya auna rarar da yatsunsa.

"Mace tana haihuwa, tana ƙiba," ya ce a hankali. "In ka bar mata wuri, sai a buɗe rigar, ta ƙara shekara biyar tana sawa. Ku yanzu ba ku barin wa mutum wuri."

"Baba, me ya kai ka shagon Mai Gilashi?"

"Zama nake zuwa yi. Ƙarar keke nake son ji, Auta. Nan gidan shiru ya yi yawa." Ya shafa yadin. "Ran farko yabon yayarki na yi. Na ce 'yata ta zana abin da ba ku taɓa gani ba, na kwatanta masa da alli. Sai ya ce, Maigida, wannan ai ba zai yanku ba. Ni ya gaya wa haka! Ya miƙo mini almakashi."

"Na biyu fa? Na uku?"

"Na biyu na riga na san abin da yake yi. Amma ya shimfiɗa yadi, yaransa suka zagaye ni suna kallo. Hannun nan ko rawa bai yi ba, Auta. Ko sau ɗaya."

Ta zo da maganganu cike da baki, a kan Mai Gilashi da ya mayar da kewar tsoho jari, a kan layin da ke kiran sata sana'a. Sai ta fasa faɗin su. Ita ma shekara biyu tana wuce kujerar nan da gaisuwa kawai.

"Gobe Yaya za ta kori Dogo," ta ce. "Za ta gaya wa kowa shi ne ɓarawon."

Baba ya ɗago da sauri. "Dogo? Ni na koya masa riƙon almakashi."

"Zan iya gaya mata a madadinka."

"A'a. Nemo mini hulata ta fita."

Litinin da safe suka shiga shagon tare. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Baba bai nufi Yaya ba, gaban Dogo ya je ya tsaya, ya faɗi komai da ƙarfi yadda har mai guga ta ji daga lungunta, bai rage ko kalma ba.

"Ka yafe mini, ɗana. Saura kaɗan in ci maka abincin 'ya'yanka."

Dogo ya durƙusa a gabansa. Yaya tana tsaye ta dafe tebur. Auta ta kasa gane ko fushi ne ko kuka ke tafe.

"Dogo, ka yi haƙuri," in ji Yaya daga ƙarshe. "Tashi, aiki yana jiranka."

Baba ya juya zai fita, sai idonsa ya faɗa kan yadin da ke shimfiɗe a teburin yanka. Ya tsaya. Ya yi ƙoƙarin wucewa, abin ya gagare shi.

"Wa ya shimfiɗa wannan a karkace?"

Yaya ta share ido da bayan hannu. "Ni ce, Baba."

"To ɗaga can gefen," ya ce, ya kama nasa gefen. "Ja a hankali."