Batirin da Baiwa ta Jefa Bayan Rumbu

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya bambanta shi da sauran. Awaki sun shigo, hayaƙin murhu ya kwanta a kan unguwar, Baiwa na zaune bisa tabarma tana kallon 'yarta Najaha, wadda ta kifa salula a kan faifai tana ɓamɓare bayanta da tsinken kitso.

Salular tsohuwa ce, batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfi. Amma a cikinta akwai abin da Baiwa ba za ta musanya da gona ba: vokal ɗin ƙarshe, saƙon murya da mijinta Isufu ya aiko daga Legas, kwana biyu kafin zazzaɓi ya ɗauke shi a wurin cin rani. Gyaran murya sau biyu, sannan ya ce, "Mutuniyata, kun yi sallah? Ki lallashi yarinyar nan, ina tafe kafin ruwan farko." Shekara biyu ke nan, kullum bayan magariba sai ta saurara. Shi ya sa ta ƙi kai ta wurin mai gyara, don ta ji an ce abu kaɗan sai su wanke waya tas. Najaha kuwa 'yar lise ce, babbar sakandare, ta ga yadda ake yi a bidiyo, ta sayo sabon batir a kasuwa, ta ce aikin minti goma ne. Yaran yanzu, komai a wurinsu minti goma ne.

Ladan ya ɗaga murya ke nan tsinken ya zame ya huda tsohon batirin. Sai huci, sai farin hayaƙi mai ɗaci. Baiwa ta sure shi da marfin tukunya ta wurga bayan rumbu, kwanar da ake zubar da toka. Ba ta yi bismilla ba. Ita da ke yi wa 'yan haya faɗa in sun watsa ruwan zafi da almuru ba su ambaci sunan Allah ba, ranar nan bakinta ya manta.

Daga bayan rumbun wani abu ya tsala ƙara, siririya kamar ta ɗan akuya sabon haihuwa. Nan take ta yanke.

Najaha ta sa sabon batirin, salula ta ƙi tashi. Ta danne maɓalli har yatsa ya yi mata ciwo. Ta sake buɗewa, ta danna kan igiyar batirin ya zauna daram, ta canja igiyar sharji, ta bar ta yini guda a wutar kuran. Da ta tashi kuwa, sai sharjinta ya nuna tamanin, kafin a juya ya koma uku. Suka gwada tura vokal ɗin zuwa salular maƙwabciya. Duk sanda aka taɓa shi sai fuskar ta yi baƙi. Dole Baiwa ta haɗiye tsoronta ta kai wa mai gyara, ta tsaya a kansa. Ya auna, ya sake aunawa, ya ce, "Inna, lafiyarta lau. Yarinyar ta iya aiki."

Amma da magariba, ba wanda ya taɓa ta, sai ta kunna kanta. Muryar Isufu ta cika tsakar gida, ta ƙare, ta sake farawa. Baiwa ta kashe. Sai tsakuwa ta faɗo bisa kwanon ɗaki, ɗaya, sannan wata, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Da ta kunna, jifan ya tsaya.

A rana ta huɗu Najaha ta buɗe baki za ta amsa sallama, babu abin da ya fito. Ta kama maƙogwaro, idanunta suka firfito. Likita ya leƙa ya ce bai ga komai ba. Yarinyar da surutunta ke hana mutane barcin rana ta koma zama a lungu tana kallon rumbu. Tsoro ya kama Baiwa, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kawo mata jakar Isufu. Ta aika garin Dawce a kira Malam Munkaila.

Ya iso bayan la'asar, dattijo marar yawan magana. Ya sa aka zaunar da Najaha, ya fara karatu a kunnenta, bai ɗaga murya ba. Rana ta yi ja, inuwar rumbu ta miƙo har bakin tabarma. Sai jikin yarinyar ya sandare, ta ɗago kai, wata murya ta fito daga bakinta, ta mace, a dishe.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tun kafin a kafa rumbun nan nake zaune a kwanar bayansa. Ban taɓa taɓa kowa ba. Ɗana na kwance aka jefo masa wuta, ba sallama, ba sunan Allah da zai sa in janye shi. Hayaƙin ya cinye masa murya. Na ɗauki ta 'yar mai jifan."

Baiwa ta durƙusa. "Ni ce na jefa. Wallahi ni ce, ba ita ba."

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah," in ji Malam, ya ci gaba da karatu. Jikin Najaha ya yi ta karkarwa, har muryar ta karye, ta koma ta uwar da ta gaji.

"To a bar mini mutumin da ke cikin abin nan. Ɗana ba ya runtsawa sai ya ji shi. In ya ce a lallashi yarinya, sai yaron ya yi lamo. Ku ba ni shi, in tafi da ɗana, in saki 'yarku."

"Mu kwafa tukuna," Baiwa ta ce. "Ki bar mini ko rabi."

"Ke rabi kika ƙona?"

Malam ya juyo wajen Baiwa ya ce, "Wannan ba yanka ba ne, kayanki ne. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu, sai dai ban san kwana nawa jikin yarinyar zai ɗauka ba."

Baiwa ta dubi salular. Ta so ta saurara sau ɗaya tak, amma ta san in ta ji ba za ta iya ba. Ta miƙe, ta zagaya bayan rumbu, ta yi sallama, ta ce bismilla da ƙarfi har maƙwabta suka ji, ta ajiye ta a kan toka. Malam ya sa muryar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba. Najaha ta yi atishawa uku, ta zube.

"Inna," ta ce, "ruwa."

Da safe babu salula a bayan rumbu, babu ƙonannen batir, sai toka a share.

Magariba ta gaba Baiwa ta idar da sallah, hannunta ya tafi gefen tabarma da kansa, ya dawo wayam. Ta nemi muryar Isufu a cikin kanta, sai ta ji ta fara nisa.

Najaha ta matso ta zauna kusa da ita. Ta yi gyaran murya sau biyu, sak yadda ubanta ke yi.

"Mutuniyata," ta ce a hankali, "kun yi sallah?"

Baiwa ta rufe fuska da mayafi. Can ta ce, "Mun yi. Ƙarasa."