Ruwan Zafi a Surin Khaddamari

Abdulnasir ɗalibin aikin gona ne daga Damagaram, ya tsallako Najeriya da hutu don aikin sa-kai. Ƙungiyarsu tana rainon dashen darbejiya da dakwara a bayan Khaddamari, inda waɗanda rikici ya kora suka fara komowa, suka tarar an sare itatuwansu kaf an yi gawayi. Tukunya ɗaya ake ci, ko ruwan wanke-wanke ba a zubarwa, rabon dashe ne. Zaman ya yi masa. Gara ce kawai ta hana shi sakat. Ta cinye rabin dashen, in ta gama da sauran, ba abin da za a dasa bana.

Ƙungiyar ta hana maganin feshi. Shi kuwa dabara ba ta ƙare masa.

Ran nan dab da magariba ya tafasa ruwa a babbar tukunya. Ya Kaltum, dattijuwar da ke musu girki, tana ɗaure kayanta.

"Ɗan Nijar, mota za ta tashi fa. In sojoji suka rufe hanya, sai dai ka kwana da kuraye."

"Ku jira ni a bakin titi, Ya Kaltum. Yanzu-yanzu."

"Wanka za ka yi da wannan? Ai sai ka saɓule kamar kaza."

Ya yi dariya, ya cika bokiti biyu, ya nufi surin da ke gindin kututturen tsamiya. Ya fasa kan surin da diga. Ya tuttula na farko. Ya tuttula na biyu.

Sai da bokitin ya yi fayau ya tuna. Bai yi bismilla ba. A gida, kakarsa ko ruwan tuwo ba ta watsarwa sai ta ce, "A kauce, bayin Allah."

Gyare suka yi tsit.

Tururi na fita daga ramin, amma ba ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Ƙauri ne, irin na gashi a wuta.

Can ƙasa, wani abu ya tsanyara kuka.

Jariri.

Ya ja da baya. Bokitin ya faɗi, bai ji ƙararsa ba.

Mace ce zaune a kan surin. Doguwa, cikin lafaya jiƙe sharkaf, tururi na tashi daga kafaɗunta. Tana jijjiga wani abu a ƙirji. Ba ta ɗago ba.

"Baƙo," ta ce, da raɗa. "Ko sallama?"

Ta ci gaba da jijjiga abin.

"Masu bindiga sun wuce, mun lafe. Masu gawayi sun sare mana inuwa, mun haƙura. Da kuka zo da dashe, murna muka yi."

Kukan ya tsaya. Shirun ya fi kukan muni.

"Da wanne ka zuba?"

Hannunsa na dama ya ɗaga da kansa.

Nata ya miƙo. Ya yi ta miƙowa. Ita ba ta motsa daga surin ba.

Yatsu masu sanyi suka kama wuyan hannunsa.

Daga titi, hon ɗin mota. Ya fizgo Ayatul Kursiyyu, rabi a baki, rabi a maƙogwaro. Riƙon ya sassauta. Ya zura da gudu, ƙaya na yagar wandonsa, bai waiwaya ba har ya faɗa bayan motar tana tafiya.

Har Maiduguri Ya Kaltum na zaune kusa da shi. Hannun kawai take kallo.

Gara ba ta sake taɓa dashen ba. Amma da ya koma ban ruwa, duk layin da ya bi sai ganye ya yi laushi, ya dahu kamar alayyafo a miya. Ruwan randa ne, kowa ya sa hannu ya ji sanyi. A hannunsa kaɗai ruwa ke komawa tafasasshe.

Aka karɓe bokitin a hannunsa. Ranar dashe yana gefe yana kallo, da la'asar ta yi kuma ya durƙusa kusa da rijiya cike da ruwa, ya yi taimama.