Tauraro Mai Fiffike Ɗaya

Ɗan Taurari ake kiransa a layinsu, don tsokana, shi kuwa har wani ɗaga kafaɗa yake yi idan ya ji. Da rana hoton fasfo da na taro yake ɗauka, da shi yake riƙe gidansa. Da dare kuma sai ya hau tsaunin bayan gari ya ɗauki hoton sama. Ido ne jarinsa, kuma ya san da haka. Ko albasa matarsa ta fara yankawa, sai ya bar mata kicin ɗin.

Ran nan da la'asar ya biya shagon yayansa mai gyaran kyamara, ya shimfiɗa masa hoton da ya wanko.

"Yaya, dubi abin da sabon gilashin kyamarar nan mai faɗi yake yi mini. Ya kwaso sama gaba ɗaya, amma taurarin gefe duk sun tsiro fukafukai."

Yayan ya gyara tabarau. "Ciwon irinsu ke nan. In ka buɗe masa ido duka, tsakiya ta fito tas, gefe ya lalace. Juya zoben ka rage masa ido kaɗan, sai su koma ɗigo."

"In rage, haske ya gudu? Ai reza ta fi sauƙi."

Yayan ya jawo hoton kusa. Ya ƙura wa kusurwar hagu ido.

"Na lahanin gilashi duk waje suke fuskanta," ya ce a hankali. "Wannan ƙaramin tauraron kuwa ciki yake kallo. Ƙanena, bar hoton nan yadda yake."

Amma mutumin naku taurin kai gare shi kamar ƙusa. Ya yi dariya, ya ɗauki reza a kan teburin, ya ɗora rula, ya ja ƙiii. Gefen hoton ya faɗi ƙasa, da fiffike ɗaya a jikinsa.

Warin ƙonannen gashin tsuntsu ya cika shagon. Yayan ya waiga ya duba ƙarfen narka dalma. A kashe yake.

Rana na faɗuwa Ɗan Taurari ya hau babur ya nufi tsaunin, wai zai ɗauko wanda ya fi na jiya. Ya bar babur ɗin a gindin dutse, ya hau da ƙafa. Ya kafa kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku a inda ya saba. Ya buɗe idon gilashin har ƙarshe, kamar da gayya. Gyare na ta kuka, iska na kawo ƙamshin busasshiyar ciyawa.

Ya latsa. Ya jira. Hoton ya fito a fuskar kyamara.

Tsakiya tas. Gefe kuwa, masu fukafukan sun fi na jiya yawa, kuma duk sun juyo ciki.

Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya sake latsawa. Sun baro gefen. Sun matso.

Gyare ya yi tsit.

Warin nan na shago ya dawo, da ɗumi, kamar a bakin hancinsa ake babbaka. Ya ji abu ya gifta ta wutsiyar idonsa na hagu. Ya waiga, babu kowa. Ya gifta ta dama. Duk inda ya kai ido wayam, duk inda ya ɗauke ido a cike.

Ya sake latsawa. A tsakiyar hoton wata babba ta tsaya, fukafukanta sun rufe rabin sama. A ƙarƙashinta ga ƙaramin nan, a karkace, da fiffike ɗaya.

"Gefe namu ne."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, dab da kunnensa.

"Kun cinye tsakiya, mun bar muku. Mun koma inda ba ku kallo. Nan ma ka biyo mu da reza."

"Ban sani ba," ya ce.

"An faɗa maka. Ka yi dariya."

Wani abu ya fara jan jiki a kan tsakuwa, sarr, sarr, yana kuka siriri.

"Ka ji shi? Tun la'asar yake ƙoƙarin tashi."

Wani sanyi ya sauka a gefen idonsa na hagu, siriri, miƙaƙƙe. Ya gane shi. Haka ake ɗora rula.

Maganar yayansa ta faɗo masa. Ya damƙi zoben gilashin ya murɗa. Ƙas. Ƙas. Kukan ya yi nisa. Ya murɗa har ƙarshe, ya kifa murfin a kai.

Amma an riga an ja reza. Hagu, sannan dama. Babu zafi, babu jini.

Ya bar kyamarar a tsaye, ya gangaro yana tuntuɓe, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Babur ya tashi a bugu na biyu. Har ya shiga gari bai ga bishiya ko ɗaya a bakin hanya ba, sai kwalta kawai a gabansa.

Likita ya haska, ya auna, ya ce idon lafiya lau yake. Shi kuwa tun daga daren nan kamar ta cikin bututu yake kallon duniya. Abin da ke gabansa yana gani tas, har ƙwayar ƙura. Gefe babu. Ba ya tsallaka titi sai an riƙe masa hannu, babur ɗin ma yayansa ne ke hawa. Kyamarar kuwa babu wanda ya yarda ya hau ya ɗauko.

Wata safiya yana zaune a tsakar gida yana tambayar matarsa ina auta ta shiga, an kwana biyu ba ta zo ta gaishe shi ba. Matar ta juya baya tana share hawaye.

Wani ɗan hannu ya ja masa hannun riga ta hagu.

"Baba, ai tun ɗazu ina nan. Kullum nan nake zama."