Robar Numfashin Alhaji Kabo

Injin taimakon numfashi ɗaya ne a ƙaramin asibitinmu na Zongo, kuma da magaribar nan na ɗaura wa Alhaji Kabo mai goro robarsa a fuska. Sai wata tsohuwa ta shigo tana haki.

"'Yar nan, ara mini iskar kaɗan."

Ganin Alhaji ya ɗan samu sauƙi, na kwance robar na ɗaura mata. Duk mai numfashi, robar takan yi gumi daga ciki. Na tsaya ina jira. Ƙirjinta na hawa yana sauka, amma robar garau, ga sanyi kamar randa.

A bayana, hakin Alhaji ya tsaya.

"Dama shi na zo ɗauka," in ji ta, leɓunanta ba su motsa ba.