Sunan da Uwa Ba Ta Kira Ba

Ku matso nan. Ke Hajjo, kashe wayar nan, in ba haka ba na fasa. Wannan ba tatsuniya ba ce, don matar tana nan da ranta a Haɗeja.

Zuwaira sunanta. Tana aiki a wata ƙungiya mai rajistar haihuwa a ƙauyuka. Ungozomomi su aiko da sunan jariri ta waya, ita kuma ta tabbatar ya shiga rumbun bayanai. Rumbun nan ba a ofishin yake ba. Haya suka kama a na'urorin wani kamfani can ƙetare, irin wanda ake cewa girgije. Ta wani shafi a kwamfuta ake shiga a kula da shi, a ga ko ya kusa cika, a ga su wa aka yarda su shigo. Sunan yara dubu tara ne a ciki. Na farkonsu 'yar Zuwaira ce, 'yarta ta fari, don da ita ta gwada rumbun ranar da aka buɗe shi.

Ofishin ɗaki biyu ne a bayan gari, a kan wani tsohon kududdufi da aka cike. Mutanen unguwa sun ce kada a gina. Amma mai kuɗi ba ya jin kira.

Wata Juma'a, rana ta take, maza suka yi shirin masallaci. Injiniya Tukur, shugabanta, shi ke riƙe da babban mabuɗin shafin. Ya bar mata shi a buɗe.

"Ungozomomi biyu sun kasa shiga," ya ce. "Ki sa lambobinsu ɗaya bayan ɗaya. Kada ki taɓa wancan jan maɓallin."

"To, ranka ya daɗe."

Ya fita. Gari ya yi tsit, ko kukan akuya babu. Kun san tsakar ranar Juma'a, ba lokacin zaman mutum shi kaɗai ba ne. Zuwaira 'yar boko ce, irin masu cewa ai wannan camfi ne.

Fanka ta tsaya, alhali ba a ɗauke wuta ba.

"Akwai mutane?"

Ba sallama. Wata tsohuwa ce a bakin ƙofa, da baƙin zane har ƙasa, da kwanon sha a hannu. Zuwaira ta miƙe ta ba ta kujera.

"Sannu da zuwa, Iya. Daga ina?"

"Nan kusa. Ungozoma ce ni."

Tsohuwar tana gabanta, amma muryar daga bayan kunnenta take fitowa. Zuwaira ta waiwaya. Bango ne kawai. Ta ce a ranta zafi ne.

"An rubuta 'ya'yan kowa," in ji tsohuwar. "Namu ba a rubuta ba. Mun zo ƙofa, a rufe."

"Ba ni lambar wayarki, Iya, in sa ki."

"Ba mu da lamba."

"To sunan ƙauyen?"

"Ba ya cikin takardunku." Ta sunkuyar da kai. "Na yanke cibi har na gaji. Ko ɗaya ba a sani ba. Mu ba bayin Allah ba ne?"

Nan tausayi ya kama Zuwaira. Ga furfura, ga baƙunta, ga rana. Wa zai kori tsohuwa hannu rabbana? Ta dubi jan maɓallin. Shi ne mai buɗe ƙofar rumbu ga kowa. Ta ce minti biyar dai, ta rufe kafin a sauko daga masallaci. Ta danna. Shafin ya ja mata kunne da jan rubutu, ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce e. Ya sake tambaya. Ta sake cewa e.

"Kowa kika ce?" in ji tsohuwar.

"Kowa."

"Daga ko'ina?"

"Daga ko'ina, Iya. Sai ku yi sauri."

Tsohuwar ta gyara zama, zanen ya ɗan janye. Dugaduganta ne a gaba, yatsun suna duban baya.

Zuwaira ta mai da ido kan kwamfuta, don ba ta iya sake kallon ƙasa. A shafin akwai wurin da ke nuna yawan masu aiki a cikin rumbun a lokaci guda. Kullum ba ya wuce shida. Yanzu arba'in. Ɗari uku. Dubu. Sababbin sunaye suna ta sauka kamar tururuwa, sunayen da harshe ba ya iya juyawa. Wani an haife shi shekara ɗari huɗu da suka wuce. Wani an rubuta gidansu: ƙarƙashin ofis.

Ta kai hannu ta rufe ƙofar. Shafin ya ce ba ta da izini. Ta sake. Ba ta da izini. Ta nemi kwafin ajiya na jiya don ta mai da rumbun yadda yake. Ba ta da izini. Ta kira Injiniya, waya a kashe, yana sahu. Ta fizge wayar wuta daga bango, kwamfutar ba ta ko ƙifta ba. Kuma ko ta mutu, me zai hana? Abin yana can ƙetaren teku, inda hannunta ba ya kai.

Ta so ta gudu, ƙafa ta ƙi. Sai ta kama Ayatul Kursiyyu. Tsohuwar ta saurara har aka kai ƙarshe, ta shafa fuska.

"Amin. Mu ma masu salla ne, 'yar nan. Ba haurowa muka yi ba. Ke kika buɗe."

Ma'aunin rumbun ya tashi daga kore ya koma ja. Ya cika maƙil. Sunayen suka tsaya.

"Saura ɗaya," in ji tsohuwar. "Wadda na yanke wa cibi yau da safe. Ko raɗa mata suna ba a yi ba. Kuma babu wuri."

"A ƙara wuri, Iya. Injiniya zai dawo ya ƙara."

"Ba ma jira. Mun duba, akwai suna ɗaya da ba a amfani da shi."

Jerin sunayen ya motsa da kansa, ya koma can sama. Ya tsaya a layin farko.

"Wannan 'yata ce!"

"Shekara huɗu muna saurare. Ba mu taɓa jin uwarta ta kira shi ba."

Gaskiya ta faɗa. 'Yar fari ce. Wace uwa mai kunya ke kama sunan 'yar fari? Zuwaira, duk bokonta, a nan ta bi na iyaye. "Ke yarinya" take ce mata. Ko a asibiti kati take miƙawa a karanta. Har yabonta ake yi a dangi.

"In naki ne, kira shi," in ji tsohuwar. "Sau ɗaya. Mu bar miki."

Zuwaira ta ɗora yatsa a kan gilashin. "Ga shi nan. Wannan."

"Ba ma jin nuni. Da baki."

Ku ji abin takaici. Babu kowa a ɗakin. Ba suruka, ba miji, ba wanda zai ce ta yi rashin ta ido. Amma harshen da aka ɗaure shekara huɗu ba ya kwancewa a numfashi ɗaya. Ta ce, "'Yata ce, wallahi." Ta runtse ido, ta tattaro ƙarfi. Daga nesa aka ji liman ya yi sallama.

Ta buɗe baki.

Ba komai a ciki. Ta lalubi sunan kamar mai laluben allura a duhu. Ta buɗe ido, layin farko fari fat. Kujerar babu kowa. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Injiniya ya dawo ya tarar da ita a ƙasa. Shi shafin bai yi masa gardama ba. Ya rufe ƙofar, ya mai da rumbun daga kwafin jiya, baƙin sunaye suka ɓace. Amma ko a kwafin, layin farko babu suna. Ya ce zai rubuta wa kamfanin. Suka amsa cewa a wajensu komai lafiya.

Ta ruga gida ba mayafi. Yarinyar tana tsakar gida tana wasa da murfin kwano, lafiyarta ƙalau. Zuwaira ta rungume ta tana kuka. Kakar yarinyar ta fito daga ɗaki ta ce, "Lafiya? Me ya sami..." Sai ta tsaya, baki a buɗe, ita ma sunan ya ɓace mata. Uban ya dawo, shi ma haka. Aka ɗauko katin haihuwa, wurin sunan kamar ba a taɓa ɗora biro ba. Aka je wajen limamin da ya raɗa, ya yi ta jan carbi, ya ce a yi haƙuri.

An sake yanka rago. An sa mata sabon suna. Kafin gari ya waye ba wanda ya riƙe shi, kuma yarinyar ba ta amsawa. Sau uku ana yi, aka gaji.

Don haka, ku da kuke rawar kai za ku yi aikin kwamfuta, kada ku zauna ku kaɗai a ofis ranar Juma'a da tsakar rana. Kuma ƙofar da ba ku san iyakarta ba, ko wa ya roƙe ku, kada ku ce kowa.

Zuwaira ta bar aikin. Ta kuma yar da kunyar 'yar fari. Kullum da yamma takan zaunar da yarinyar a gabanta ta yi ta kiran sunayen mata, ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ta ɗaga kai. Ba ta taɓa ɗagawa ba. Sai dai ranar Juma'a, in gari ya yi tsit, akan jiyo muryar wata mata daga wajen tsohon kududdufin tana kiran 'yarta ta zo ta ci abinci. Zuwaira ba ta iya riƙe sunan da ake kira. Amma yarinyar takan ajiye wasanta, ta juya wajen, ta ce, "Na'am."